Mu Zaga Duniya: Ƙauyen da Hanya Ta Ƙare

A wannan wata za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Wales, mu sauka a wani ɗan ƙauye wanda ba za ku same shi a taswirar makaranta ba. Sunansa Llanfihangel-y-Pennant. Kada tsawon sunan ya tsorata ku, gama in an rarraba shi ba wuya. A harshensu "llan" shi ne fili mai shinge inda aka gina majami'a, "Mihangel" kuwa shi ne Mika'ilu, "pennant" kuma kan kwari, inda rafi ya faso. Watau majami'ar Mika'ilu ta kan kwari ke nan. Wahalar tana wajen faɗin "ll" ɗin nan biyu. Sai ka kafa harshe kamar za ka ce "la", sa'an nan ka hura iska ta gefen baki. Yara su gwada, amma ba da tuwo a baki ba.

Wales tana yamma da Ingila, cikin tsibirin Birtaniya, girmanta kuwa bai ɗara na jihar Kano da yawa ba. Mu a nan duk wanda ya fito daga tsibirin sai mu ce ɗan Ingila ne. To, ka faɗa wa mutumin Wales haka, ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Suna da nasu harshe, wanda ya riga Turanci zama a tsibirin, ba ya kuma kama da shi ko kaɗan. Ƙidayar shekara ta 2021 ta sami mutane miliyan 3 da ɗoriya a ƙasar. Tumakinsu kuwa sun kusa ninka mutanen sau uku.

Ƙauyen namu yana yankin Gwynedd, a kwarin kogin Dysynni, mil 8 ko 9 daga garin Tywyn na bakin teku. Hanyar da take kai mutum can siririya ce ƙwarai, da katangar duwatsu da shingen itatuwa dama da hagu, har in motoci biyu suka haɗu dole ɗaya ta ja da baya ta nemi inda aka ɗan faɗaɗa. Duwatsun katangar an jera su ne kawai, ba laka ba siminti, suna kuma hawa har kan tuddai suna raba makiyaya. Ruwan sama ba ya da lokaci a can, kowane wata ana yinsa, shi ya sa ciyawa ba ta bushewa. Wanda ya tafi da tsammanin ganin gari zai wuce ƙauyen bai sani ba. Majami'a ce, da maƙabarta, da 'yan gidaje na dutse waɗanda za ka ƙidaya da yatsun hannu, sai gidajen gona a warwatse. In ka ci gaba kaɗan sai kwalta ta ƙare, ba sauran hanya sai ta ƙafa da ta tumaki. Ko da an haɗa da Abergynolwyn, babban ƙauyen da yake bayan tudu, mutanen gundumar duka ba su kai 400 ba a ƙidayar 2011.

Kafin a isa, abin da ido zai fara kamawa shi ne wani dutse da ya miƙe tsaye daga tsakiyar fadama, tsayinsa mita 258. Suna ce da shi Craig yr Aderyn, watau Dutsen Tsuntsu. Akwai wani baƙin tsuntsun teku mai dogon wuya, wanda yake nitso ya kamo kifi, sa'an nan ya hau dutse ya shanya fikafikansa. Al'adar irinsa su yi sheƙa a duwatsun gaɓar teku. Amma ga su nan a wannan dutse, wajen mil 5 daga teku, kowace bazara suna ƙwai suna ƙyanƙyashewa, ba kuma wani wuri a cikin ƙasar Wales nesa da teku inda suke taruwa da yawa haka. Masana sun ce a da can bakin kogin yana da faɗi, ruwan teku yana shigowa har kusa da gindin dutsen. A hankali yashi da taɓo suka cike wurin, daga baya kuma masu manyan gonaki suka haƙa magudanai suka janye ruwan fadamar domin kiwo. Teku ta ja baya, tsuntsayen ba su bi ta ba. Sukan tashi su tafi neman kifi, su komo gidan kakanninsu. A bisa dutsen kuma akwai kufan ganuwar mutanen da suka zauna can tun kafin haihuwar Almasihu.

Kamar mil 2 gaba, dab da ƙauyen, akwai wani dogon tudu na dutse mai itatuwa, a kansa kuwa kangon wata kagara mai suna Castell y Bere. A nan za mu ɗan daɗe, domin labarin Wales duka yana cikin waɗannan rusassun katangu.

Wanda ya fara gininta a shekara ta 1221 shi ne Llywelyn, sarkin Gwynedd, wanda mutanensa suke kira Llywelyn Babba. Ya ba ɗansa Gruffydd riƙon wannan yanki, suka saɓa, uban ya ƙwace ƙasar, sa'an nan ya kafa kagara domin kowa ya san mai wurin. Mai karatu zai ce, me sarki yake tsaro a wannan lungu? Abu biyu ne. Na ɗaya, hanyar da take ratsa duwatsu zuwa Dolgellau. Na biyu, shanu. A zamanin nan arzikin sarakunan Wales yana tafiya da ƙafa huɗu ne, da shanu ake biyan haraji da diyya, makiyayar da take gindin duwatsun nan kuwa tana cikin mafi kyau da sarki yake da su. Ginin kuma ba na wasa ba ne. An sassaƙe ramuka cikin dutse a bakin ƙofa, da gada wadda ake ɗagewa, da hasumiyoyi masu baya zagayayye irin na maginan Wales. Sa'ad da aka tone wurin wajen shekara ta 1851, an sami duwatsu masu sassaƙa mai kyau, da gutsattsarin gilashi mai launi, da fale-falen daɓe masu ado. Ashe sarkin makiyaya ma ya san ƙawa.

Kagarar ba ta yi shekara 80 tana aiki ba. Jikan mai ginin, shi ma Llywelyn, ya yi ta fama da Edward na Ɗaya, sarkin Ingila, har aka kashe shi a watan Disamba 1282. Ƙanensa Dafydd ya ci gaba da yaƙi, amma kagarunsu suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilu 1283 mayaƙan Ingila fiye da 3,000 suka shigo wannan ɗan kwari suka kewaye Castell y Bere. Ku tuna fa, kwarin da yau mutanensa ba su kai 400 ba. Kafin watan ya ƙare masu tsaro suka miƙa wuya. Dafydd ya gudu cikin duwatsu, aka kama shi a watan Yuni, aka kashe shi a Shrewsbury a watan Oktoba. Mulkin sarakunan Wales na gado ya ƙare ke nan. A 1301 Edward ya naɗa wa ɗansa sarautar Yariman Wales, tun daga nan kuwa sarautar ta zama ta magajin gadon Ingila. Wanda yake riƙe da ita yanzu, William, ya same ta a 2022.

Edward ya gyara kagarar, ya zo da kansa a 1284, har ya kafa ɗan gari a gindinta, ya ba shi takardar 'yanci domin Ingilishi su zo su zauna su yi ciniki. Garin bai yi ƙarko ba. Sauran kagarun da Edward ya gina, kamar Harlech da Caernarfon, suna bakin teku, in an kewaye su ta tudu sai a kawo musu abinci ta jirgin ruwa. Wannan kuwa tana can ƙuryar kwari, ba ta inda taimako zai zo da sauri. Da mutanen Wales suka yi tawaye a 1294 ƙarƙashin Madog, suka auka mata, daga nan ba a ƙara zama cikinta ba. Garin Edward ya ɓace har ba a ganin alamarsa, ƙauyen makiyayan da ya tarar kuwa yana nan. Yau hukumar Cadw, mai lura da kayan tarihi na Wales, ita take kula da kangon.

Daga kan katangar ana hangen majami'ar Mika'ilu, 'yar gajeriya, ta baƙin dutse. Ita ma tsohuwa ce, tun wajen zamanin kagarar. A ciki akwai kwanon baftisma na dutse wanda mutanen wurin suke cewa daga kagarar aka ɗauko shi. Akwai kuma wata 'yar taga da suke kira tagar kutare, wai ta nan waɗanda aka hana shiga suke leƙen sujada. A ɗan ɗakin da yake gefe, mutanen kwarin sun ajiye taswirar ƙasarsu wadda suka ɗinka da ƙyallaye, da tuddai a tashe da kogi a kwance, har mutum ya iya nuna gonar gidansu da yatsa. A wannan gunduma kuma aka haifi William Owen Pughe a 1759, wanda ya yi babban ƙamus na harshen Wales da Turanci, aka gama buga shi a 1803.

Amma yawancin baƙin da suke shan wahalar siririyar hanyar nan ba domin kagara ko ƙamus suke zuwa ba. Suna wuce majami'a da kamar rabin mil, su haye 'yar gada, su tsaya a kangon wani ɗan gida mai suna Tyn-y-ddôl. Katangarsa ba ta kai ƙirjin mutum ba yanzu, faɗinsa kuwa bai fi ɗaki da rumfa ba. A tsakiya an kafa dogon dutse na tuni, da rubutu cikin harshen Wales da Turanci, wanda makarantun Lahadi na yankin suka tara kuɗi suka kafa. Nan ne gidan su Maryamu Jones.

Da yawa cikinmu mun ji labarinta a makarantar Lahadi, waɗansunmu ma mun koyar da shi. An haife ta ran 16 ga Disamba 1784. Iyayenta masaƙa ne, matalauta. Littattafan yara sukan nuna ubanta, Yakubu, zaune a bakin murhu yana ƙarfafa ta, amma gaskiyar ita ce ya rasu a 1789, tun tana 'yar shekara 4. Ita da mahaifiyarta kaɗai suka rage. An ce tun tana shekara 8 take riƙe wa uwar fitila in za ta taron addu'a da dare, ta haka ta riƙa zama cikin manya tana jin abin da ake karantawa.

Yadda ta iya karatu shi ne abin da ya fi jan hankalinmu, mu da alli yake hannunmu kullum. A lokacin ba makarantar gwamnati. Tun wajen 1731 wani fasto, Griffith Jones, ya ƙago makarantu masu yawo. Malami zai sauka a ƙauye, ya yi 'yan watanni yana koya wa yara da manya karatu, yawanci da hunturu sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, sa'an nan ya naɗe kayansa ya yi gaba. Ya nace a koyar da harshen da yaro ya sha a nono, ko da yake manyan ƙasar suna ganin Turanci ne kaɗai harshen ilimi. Hujjarsa ita ce, da harshen gida mutum yakan iya karatu cikin watanni, da baƙon harshe kuwa sai shekaru. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ɗaya zai ba shi gaskiya. Bayan rasuwarsa aikin ya yi sanyi, sai Thomas Charles na garin Bala ya tashe shi daga 1785, ya ƙara da makarantun Lahadi. Ɗaya daga cikin malamansa ya sauka a Abergynolwyn, Maryamu ta riƙa haye tudu tana zuwa.

To, an koya wa talakawa karatu, ga shi kuwa ba abin karantawa. Littafi Mai Tsarki yana nan cikin harshensu tun 1588, aikin William Morgan, amma tsada gare shi, kuma ba ya samuwa. A 1799 aka buga guda 10,000 a Oxford, kafin a ce me sun ƙare. Maryamu takan yi tafiyar mil 2 zuwa wani gidan gona inda suke da shi, ta karanta, ta haddace abin da ta iya, ta komo. Shekara 6 tana tara kwabo da ɗari daga 'yan aikace-aikace. A shekara ta 1800, tana da shekara 15, ta kama hanyar Bala, mil 26, watau kamar daga Kano zuwa Wudil, sai dai wannan hawa da gangara ne cikin duwatsu. Ba takalmi a ƙafarta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga matalautan wancan zamani, gama akan riƙe takalmi a hannu kada ya cinye, sai an kusa shiga gari a saka. Kakanninmu ba sa bukatar a fassara musu wannan.

Abin da ya faru a gidan Thomas Charles, an ba da shi iri iri. Waɗansu sun ce littattafan duk an sayar ko an yi alkawarinsu, ta fashe da kuka, ya ba ta na wani. Waɗansu sun ce ta kwana biyu a garin tana jiran sababbi su iso, ta kuma komo da guda uku. Abin da yake tabbatacce shi ne ta samu. Guda ɗaya yana ajiye a laburaren Jami'ar Cambridge, da rubutun hannunta a ciki, inda ta sa ranar haihuwarta da sunayen iyayenta da shekarar da ta saya. Wani kuma yana babban laburaren ƙasar Wales a Aberystwyth.

A ƙarshen 1802 Charles ya tafi Landan, ya roƙi wata ƙungiya mai buga 'yan takardun bishara a kafa jam'iyyar da za ta wadata Wales da Littafi Mai Tsarki mai araha. Wani fasto a wurin, Joseph Hughes, ya ce in za a yi wa Wales, me zai hana a yi wa duniya duka. Ran 7 ga Maris 1804 aka kafa Jam'iyyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da Ƙasashen Waje. Abin da ta fara bugawa cikin baƙon harshe shi ne Bisharar Yahaya da harshen Mohawk, na waɗansu mutanen asali na Amurka ta Arewa. Sabon Alkawari na Wales ya fito a 1806. Ita ce kuma ta buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, fassarar J. F. Schön, wanda ya yi aiki da Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai. Ita ce ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Zaren da ya haɗa akwatin littattafan gidanku da wannan kango ke nan.

Sai dai a nan muna so mu ja hankalin 'yan'uwanmu malamai. Akan ce hawayen Maryamu ne suka kafa jam'iyyar. Wannan ya yi daɗin faɗi, amma ya wuce abin da takardun lokacin suka nuna. Charles ya yi shekaru yana kukan rashin littattafai tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofarsa, ba ita kaɗai ce kuma ta yi doguwar tafiya zuwa wurinsa ba. Labarinta bai bazu ba sai bayan rasuwarta, da aka buga shi da harshen Wales a 1879, da Turanci kuma a 1882, aka yi masa gishiri domin yara. A ganinmu gishirin bai ƙara mata kome ba. Ya ma rage, gama ya mayar da ita yarinyar hoto, ya ɓoye matar da ta zama.

Ga sauran labarin, wanda ba a cika faɗa ba. A 1813 ta auri wani masaƙi, Thomas Jones, daga baya suka koma ƙauyen Bryn-crug kusa da teku. Ta haifi 'ya'ya 6. Biyar suka mutu tana da rai, tarin fuka ya yi ɓarna a gidan. Ɗayan da ya rage ya yi ƙaura zuwa Amurka. Mijin ma ya riga ta. Ta rayu da ɗinki da kiwon ƙudan zuma, tana sayar da zuma da kaki, daga ciki kuma tana ba da baiko. Da tsufa idonta ya tafi, sai waɗansu suke karanta mata littafin da ta yi wa tafiyar mil 26, ko da yake yawancinsa yana kanta. Ta rasu a ƙarshen Disamba 1864, tana da shekara 80, matalauciya kamar yadda aka haife ta. Kabarinta yana Bryn-crug. Yaran aji shida sun isa su ji wannan rabin ma, musamman waɗanda suka riga suka san mutuwa a gidajensu. A 2014 aka buɗe gidan tunawa da ita a wata tsohuwar majami'a a Llanycil, bakin tafkin Bala, akwai kuma masu bin sawunta da ƙafa, yawancinsu sai su raba tafiyar kwana biyu ko uku.

Daga ƙofar kangon, hanyar ƙafa ta miƙe zuwa kan babban dutsen da ya rufe kwarin, Cadair Idris, mai tsayin mita 893. Ma'anarsa Kujerar Idris. Ga Idris, ga Bala, sai ka ce a unguwarmu muke, amma dacen suna ne kawai, ba dangantaka. Nasu Idris wani ƙato ne na tatsuniya wanda yake zama a kan dutsen yana duban taurari, waɗansu kuwa sun ce wani sarkin yankin ne na ƙarni na 7. Suna da camfi cewa wanda ya kwana a ƙwanƙolinsa zai farka ko mahaukaci ko mawaƙi. Ba su faɗi yadda ake rarrabewa ba.

Bayan tudu, Abergynolwyn ta girma ne saboda dutsen allo, irin wanda ake fasawa fale-fale a rufe ɗaki da shi, a kuma yi allon 'yan makaranta. Domin kwasar dutsen daga mahaƙar Bryn Eglwys aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo zuwa Tywyn a 1865, faɗinsa ƙafa 2 da inci 3 kacal. Mahaƙar ta rufta a 1946, aiki ya tsaya, magidanta suka watse neman abinci. Mai layin ya rasu a 1950, kowa ya ɗauka jirgin ya mutu tare da shi. Sai waɗansu masu son jirgin ƙasa suka haɗa kai suka karɓe shi a 1951, suna aiki ba albashi. Shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto haka. Har yanzu jirgin Talyllyn yana tafiya da gawayi da tururi, amma kayansa yanzu masu yawon buɗe ido ne.

Masu yawon nan su ne abincin kwarin a yau, su ne kuma damuwarsa. Kiwon tumaki a kan tudu ba ya riƙe gida kamar da, samari suna tafiya birane. Gidan da ya zama kango ko aka sa a kasuwa, sai mai kuɗi daga Ingila ya saya ya mai da shi wurin hutu, ya zo mako kaɗan a shekara, sauran lokaci a kulle. Kuɗin gida ya fi ƙarfin ɗan ƙauye da yake so ya yi aure ya zauna kusa da iyayensa. Ba mu ce baƙin mugaye ne ba, da kuɗinsu suka saya, waɗansunsu ma sun zauna sun koyi harshen. Amma gidan da yake kulle ba ya aika yaro makaranta, ba ya cika benci ran Lahadi. Saboda haka majalisar Gwynedd ta ɗora wa irin waɗannan gidaje ƙarin haraji, wanda ya kai kashi 150 cikin 100 daga Afrilu 2023.

Harshen shi ne abin da suke jin tsoron rasawa. Ya sha wuya a da. A 1847 waɗansu masu bincike da gwamnati ta aiko daga Ingila suka rubuta cewa harshen ne yake hana mutanen Wales ci gaba. A waɗansu makarantu na wancan ƙarni akan rataya wa yaro ɗan katako a wuya in an ji yana magana da harshen gida, shi kuma ya nemi wani ya miƙa masa, wanda katakon ya kwana a wuyansa a tashi ya sha bulala. Mai karatun da aka taɓa ci wa tara a makaranta don ya yi Hausa ko harshen kakansa ya san zafin wannan. Abin da ya riƙe harshen Wales cikin waɗannan shekaru, masanansu da yawa sun yarda, shi ne ana karanta shi kowace Lahadi, ana waƙa da shi, ana gardamar aya da shi a ajin manya. Yanzu majami'un sun yi shiru, da yawa an rufe an sayar, nauyin ya koma kan makaranta da gida. Ƙidayar 2021 ta sami masu jin harshen 538,300, watau kashi 17.8 cikin 100, ƙasa da kashi 19 na 2011. A Gwynedd kuwa har yanzu kashi 64 ne. Gwamnatin Wales ta ɗauki alkawarin kai su miliyan ɗaya kafin 2050.

A kwarin Dysynni yara sun yi kaɗan har ƙananan makarantun ƙauyuka suka kasa tsayawa, ta Abergynolwyn ma, inda Maryamu ta koyi baƙaƙe, an rufe ta. A 2013 aka buɗe sabuwa guda ɗaya a Llanegryn domin ƙauyukan duka, mota tana kwaso yara da safe ta mayar da su da yamma. Da harshen Wales ake koyarwa a cikinta. Da aka zo sa mata suna ba a ɗauki na ko ɗaya daga cikin ƙauyukan ba, sai aka sa mata Craig y Deryn, sunan dutsen tsuntsayen nan.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.